Akwatin Tafinta da 'Ya'yan Fari

Da sunan Allah nake farawa, wanda ke fitar da matafiyi ya kuma maido shi gida.

Tun da na dawo daga Sabuwa ban huta da tambaya ba. In na fito masallaci a tare ni, in na zauna gindin dalbejiyar ƙofar gida a kewaye ni. Malam, wai gaskiya ne ƙarfe na magana da ƙarfe? Wai gaskiya ne akwati aka ba gaban mota aka bar ka a baya? Na faɗa har na gaji, kuma na lura duk wanda ya ɗauki labarin sai ya ƙara mashi gishiri. Ran kasuwar Kankara na ji wani yana rantsuwa akwatin ya gaishe ni da Larabci. Shi ya sa na ce bari in wanke alƙalamina in rubuta abin da idona ya gani, mai son ji ya sa a karanta mashi.

Wanda na yi tafiyar da shi ɗana ne na fari. Kun san ba a kama sunan ɗan fari, balle shi da ya ci sunan malamina. A gida Babba muke ce mashi, a wurin aiki Injiniya. Hannun kakarsa ya tashi, daga nan boko ta ɗauke shi zuwa Zariya, har ta ƙetarar da shi teku. In ya zo garinmu Pauwa yakan durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina duban wani wuri, ya tashi. Iyakar hirarmu ke nan tun yana yaro.

Aikin da ya fitar da shi kuwa ga yadda yake. A wannan zamani da kuɗin fetur ya cika ƙasa, ofishin aikin gona na yankinmu ya sayi na'ura mai ƙwaƙwalwa har biyu, daga ƙasashe biyu, ba wanda ya tambayi ko suna jin yaren juna. Ɗaya tana Kankara, ita ta haddace gidaje: kowane maigida da mazan gidansa da gonakinsu. Ɗaya tana Sabuwa wajen babban sito, ita ta san garmunan shanu da takin zamani da irin shuka da ke ciki, da sunayen waɗanda suka je da ƙafarsu suka nema. Bara an raba kayan da hannu, 'yan kasuwa suka kwashe su da sunayen ƙarya. Saboda haka bana aka yi doka daga sama: ba a buɗe sito sai na'urar Kankara ta shaida wa ta Sabuwa cewa mai nema manomi ne mai gona. Manya suka ce a jira Turawan da suka sayar da na'urorin su zo baɗi su haɗa su. Babba ya miƙe cikin taro ya ce shi zai haɗa su kafin ruwan shuka. Aka ce to, in ruwa ya riga shi, sito zai kwana kulle har wata shekara, kuma kowa ya san bakin wa za a kama.

Ni ba wannan ya fitar da ni ba. Wani abokin karatuna ne ya rasu a Sabuwa, ina son in je ta'aziyya. Garba ɗan gwaggona, taubashina, shi ke tuƙa Landirobar ofishin, ya ce akwai wuri. Bai gaya mani da wa zan zauna ba sai da na isa Kankara da buta da buzuna.

Kafin mu tashi aka shigar da ni in ga na'urar. A ƙofa aka ce in tuɓe takalmi, kamar masallaci. Waje zafin bazara na dafa mutum, ciki kuwa akawun da ke tsaronta rigar sanyi ya sa, yana jan majina. Ita kanta wasu akwatunan ƙarfe ne tsaye, tsawon mutum, da faifai biyu suna juyawa suna tsayawa kamar mai tunanin abin da zai faɗa. Babba ya rarrafa bayanta ya ɗaura mata waya, ya ja wayar har zuwa wata oba-oba irin ta 'yan sanda, ya fito da ƙura a gwiwa. Sannan aka ɗauko abin da za mu kai: wani akwati ruwan toka, bai fi na lefe ba. Ya ce wa Garba wannan shi zai tsaya tsakani, ya karɓi magana daga waccan ya juya ta yadda wannan za ta gane.

Garba ya ce, "Ashe tafinta ne. To ka ce tafinta mana, mi ya kawo dogon Turanci?"

Sunan da ya bi akwatin ke nan har yau.

Na nufi gaban mota, yadda ya kamaci shekaruna, sai na tarar an shimfiɗa matashi biyu an ɗora Tafinta an ɗaure shi da majanyi. Wai ba ya son girgiza. Garba ya buɗe mani baya yana ta murmushin mugunta.

"Bismilla, Malam na bayan mota. Yau ka samu wanda ya fi ka girma."

Na ce, "Bawan gidanmu, tuƙa dai. Da can jaki kake kora, ba mu manta ba."

Na shiga, Babba ya shigo ya matse can jikin ƙofa, ya tattara ƙafafunsa kamar baƙo. Muka kama hanyar Sheme. Can na ga rana na dukan akwatin ta gilashi, na ce, "Garba, ka ce mashi ko a rufa wa abin nan zane."

Garba ya ce, "Injiniya, an ce ko a rufa mashi zane."

Babba ya ce, "Baba Garba, ka ce an gode, haka ya kamata."

"Malam, an ce an gode." Ya buga sitiyari. "Kai jama'a! Tafinta biyu cikin mota guda, ɗaya bisa matashi, ɗaya ko ruwa ba a ba shi ba."

Hanyar Sheme sabuwar kwalta ce, manyan motoci ɗauke da siminti da kwanon rufi sai wucewa suke. Mu kuwa saboda Tafinta tafiyar hawainiya muke yi, har wani mai keke da buhun gero ya wuce mu ya waiwayo ya ce ko a taimaka. A Sheme muka yi azahar. Garin ya cika da masu tebur a bakin titi, abin da ban taɓa gani a ƙauye ba duk ga shi: madarar gwangwani, kifin gwangwani, rediyo, agogo a faranti kamar goro. Na sayi fura aka dama mani. Babba ya sayi burodi da kifin nan ya koma bayan mota ya ci, don kada mu ci abinci ido na ganin ido. Garba ya ci tare da ni, ya zagaya ya ci tare da shi, ya dawo yana cewa shi kam bai ga laifin wannan kunya tamu ba.

A Faskari aiki ya tsaida mu. Maganar oba-oba ba ta isa daga Kankara zuwa Sabuwa kai tsaye, sai an kafa eriya bisa dutse ta karɓa ta miƙa. Aka samu majiya ƙarfi suka hau da dogon ƙarfen da batura irin na babbar mota. Ana cikin kafawa wani dattijo ya hawo yana haki, ya ce ya ji an ce ƙarfen nan korar hadari yake yi, kuma dutsen yana da masu shi, ba a taɓa kafa masu komai ba tare da sallama ba. Babba ya yi ta bayani, dattijo bai gamsu ba. Ya juyo gare ni.

"Malam, kai mi ka gani?"

Na ce ban san aikin ƙarfen ba, amma na san ruwa ba ya neman izinin ƙarfe. Na ce mu yi addu'a, in da alheri Allah ya tabbatar, in da sharri ya kawar. Muka ɗaga hannu har da leburori, dattijo ya shafa, ya ce to yanzu an yi sallama. Shi ne ma ya ba da shawarar da ta fi amfani, ya ce a kewaye wayar da ƙaya. Ba a ji ba. Da safe muka tarar awaki sun tauna ta wuri biyu. Babba ya zauna cikin rana yana ɗinke ta da dalma, dattijo na tsaye kansa yana sa yara jawo sarƙaƙiya, bai ce na faɗa maku ba ko sau ɗaya. Na ga girmansa.

Masaukinmu a Faskari gidan baƙin gwamnati ne, ɗaki guda ya rage, da fanka da gadon ƙarfe. Aka ba ni gado, aka ba Tafinta tebur. Babba cikin mota ya kwana.

Daga Faskari muka bar kwalta muka shiga hanyar daji, don Garba ya rantse ta fi kusa. Iyakar ƙasar Faskari da ta Sabuwa ta wannan gefe wani rafi ne, ba gada, ba ɗan doka, ba mai tambayar takarda. Rafin a bushe yake, amma shi ya karɓi harajinsa: muna tsakiya ƙafafun mota suka nutse cikin yashi har ciki. Garba ya taka, ta ƙara zama. Babba ya fita ya rungumi Tafinta ya kai shi inuwa kafin ya tuna da kowa.

Masu gonakin wurin Maguzawa ne. Suna sassabe suka hango mu, suka zo maza da mata, matan da fartanya a kafaɗa, suna magana da ƙarfi suna dariya. Wata tsohuwa mai bakin tsiya, Kaka Ladi, ta leƙa ƙarƙashin mota ta ce, "Wa ya koya ma wanga tuƙi? Halan a gado ya koya?" Ban taɓa ganin an rufe bakin Garba ba sai ranar. Ɗanta shi ne Sarkin Noman wurin. Ya juya ya ce, "Nomau, kawo su." Ɗansa, wani ƙaƙƙarfan saurayi, ya jawo bijimai biyu farare, aka ɗaura igiya, suka fizge mu kamar ana cire ƙaya.

Rana ta yi sanyi, Sarkin Noma ya ce ba mu wucewa. A gidansa na ga ladabin da ban zata ba. Kafin in shiga an kawar da tulunan burkutu zuwa bayan rumbu. Aka kawo zakara da wuƙa aka ce Malam ya yanka da hannunsa don ya ci da natsuwa. Aka share mani wuri aka tambaye ni ina gabas ɗina. Tuwon dawa ne da miyar kuka, da man shanu har yana kwance, ban ci mai daɗinsa ba tun rasuwar mahaifiyata. Abin da ya bambanta su da mu, matansu ba sa ɓuya. Kowace tana da gonarta da rumbunta, kuma in ana magana da baƙo sai ta sa baki ta gyara wa mijin zance. Na yi tunanin in aka yi haka a Pauwa rabin dattawanmu sai sun ƙaura.

Da Sarkin Noma ya ji abin da muka ɗauko, sai ya gyara zama. Ya ce bijiman nan da suka jawo mu, tun lokacin kaka Nomau ke horar da su da gungumen itace, don ya riga ya je Sabuwa ya nemi garma. Sun ƙara faɗin gona saboda ita, sun sassabe abin da hannu ba zai iya nomewa ba. In garma ba ta fito ba, wahalar ta tafi a banza, ciyawa ta ci gonar.

Kaka Ladi ta nuna Babba da tsinke. "Kai mai akwati, in ka hana ma mijina garma, ni da kai ne."

Jikan nata take nufi. Babba ya ce, "In Allah ya so zai samu, Kaka." Amma na ga ya ajiye lomar da ya ɗauka.

Da hantsi muka shiga Sabuwa. Na wuce gidan rasuwa na yi ta'aziyya, muka yi wa mamaci addu'a, Allah ya jiƙansa. Da na koma wajen sito na tarar an kwance Tafinta an ɗora shi kusa da na'urar can. Ita ba ta yi kama da ta Kankara ba ko kaɗan, gajera ce mai faɗi, da allon gilashi da rubutu kore ke fitowa a kai. Manajan sito, Malam Iro, mutum mai haƙuri da furfura a gemu, ya ba ni kujera.

Nan na ga yadda ake koya wa tafinta aiki. Waya ɗaya ta shiga na'ura, ɗaya ta tafi ga oba-oba. Sannan Babba ya zauna yana danna maɓallai yana gaya wa akwatin abu ɗaya bayan ɗaya. Ta Kankara da gari take farawa, sai unguwa, sai maigida, sai mutum. Ta Sabuwa da mutum take farawa, gari ya zo ƙarshe. Sai an ce wa Tafinta abin da waccan ta sa a gaba, wannan a baya take ajiye shi, ga inda za ka ɗauka, ga inda za ka sauke. Ya tuna mani da yadda nake juya wasiƙar boko zuwa ajami, wannan daga hagu, wancan daga dama, magana kuwa guda. Ya yini yana yi. Janareto ya mutu, aka tashe shi, ya sake daga inda ya tsaya. Wajen la'asar wata fitila ƙarama ta kama a goshin akwatin, rubutu ya fara gudu a gilashi. Akawun Kankara ya yi magana ta oba-oba yana ihu, wai faifansa na juyawa ba wanda ya taɓa shi. Garba ya jefa hularsa sama.

Murna ba ta daɗe ba. Da aka ce Tafinta ya bi masu nema ɗaya bayan ɗaya, masu iri da taki mafi yawa suka wuce lafiya. Da aka zo kan masu garma sai ya dinga ƙi. Wannan babu shi, wannan ba a san shi ba, wannan ba shi da gona. Malam Iro ya duba ya ce, "Wanga na san shi, na san ubansa, na ci dawar gonarsu." Amma doka ta ɗaure mashi hannu. Cikin waɗanda aka ƙi har da wani Arzika na gidan Sarkin Noma, na bakin rafi.

Babba ya kwance wayoyi ya mayar. Ya sa aka hau dutsen Faskari aka duba ko awaki sun dawo. Ya sake bin duk abin da ya koya wa akwatin, bai ga kuskure ba. Kwanakin nan kullum da yamma gabas sai ta haɗe ta yi baƙi, iska ta taso mai ƙanshin ƙasa, sannan ta watse. Manoma suna zuwa su zauna gindin katangar sito, su dubi sama su dubi ƙofa. Na ga yaron nan ya rame a idona. Na ce, "Garba, ka ce mashi ya ci abinci." Garba bai yi wasa ba wannan karon, ya je ya faɗa a hankali.

Ni ba abin da na iya sai addu'a, ita na riƙe. Ina zaune da carbi a bakin ƙofar ɗakin, Malam Iro ya zo ya zauna don ya ɗebe mani kewa. Ya ce, "Malam, sai jiya Garba ke gaya mani kai ne mahaifin. Mu Injiniya kawai muka sani. Mi ne ne ma sunan nasa?"

Na ce, "Babba."

Ya ce, "Babba? Ai ba haka na gani a takardar da aka aiko da shi ba."

Na ce, "To, mu dai haka muke ce mashi."

Ƙarar maɓallai ta tsaya. Na waiwaya na ga Babba ya juyo da kujera yana kallona, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Ya miƙe tsaye.

"Baba Garba! Da malaman gona suka zo Pauwa ƙidayar gidaje, wa suka tambaya?"

Garba ya ce, "Wa za su tambaya? Masu gida mana."

"To ka tambayar mani, da aka ce a faɗi mazan gida, wane suna aka ba da nawa?"

Ban jira Garba ba. Na ce, "Wanda na saba."

Babba ya dafe kai ya fara dariya, har ya zauna ƙasa. Ya kira Kankara ya ce a karanto mashi mazan gidan Sarkin Noma. Aka karanto. Ba Arzika, amma ga Nomau a farko. Ashe abin da ya faru ke nan ko'ina, gidan Musulmi da gidan Bamaguje duk ɗaya. A Kankara uba aka tambaya, ya faɗi sunan ƙanana tiryan-tiryan, da ya zo kan na fari ya kauce ya ba da laƙabi. A Sabuwa kuwa ɗan ne ya zo da kansa ya faɗi sunansa na yanka. Garma kuwa ɗan fari ke nema, don shi ke jan gandu. Tafinta bai yi ƙarya ba. An ba shi mutum guda da suna biyu, shi kuma a ƙasar da aka ƙera shi uba na kiran ɗansa gatsau.

Garba ya ce, "To ka gani, Malam. Kunyarku ta kusa hana ƙasa noma."

Malam Iro ya ce a aika a sake tambayar iyayen. Babba ya ce ko an koma sau goma abin da za su faɗa ke nan, kuma ba shi ne zai sa dattijo ya kama sunan ɗansa a gaban jama'a ba. Ya ce akwatin za a koya wa ladabi. Ya buɗe mashi wani wuri a cikinsa inda mutum zai iya zama da suna biyu, muddin gari ɗaya ne, uba ɗaya ne, kuma wani ya shaida. Saura masu shaida.

Washegari kasuwar Sabuwa ke ci. Aka sa mai shela ya zagaya: duk ɗan farin da ya nemi garma ya zo sito, ya taho da abokinsa ko kakarsa. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Iyaye maza suka koma can gindin tsamiya suka juya baya, wai suna duba shanu. Tsofaffin mata kuwa ranar tasu ce. Malam Iro ya kira laƙabi, sai ka ji murya daga baya: "Wannan na gidan Maikaho? Isiyaku ne, ni na yi mashi wanka yana jinjiri, kunnuwa kamar na zomo!" Jama'a su fashe, saurayi ya sunkuyar da kai ya ce shi ne. Abokai suna tona sunayen juna har da waɗanda ba a tambaya ba.

Mutane sun yi yawa, hannun Babba ba ya cim masu. Na jawo tawadata na zauna ina kamawa da ajami, laƙabi da suna da uba, in shafi ya cika in karanta mashi ya danna. Da farko ta bakin Garba muke bi. Can Garba ya ji ƙanshin tsire ya sulale. Sai da muka yi nisa na farga ni ke faɗa, shi ke amsawa, "To, Baba. Na gaba, Baba." Ban tsaya ba, shi ma bai tsaya ba. Aiki ne.

Kaka Ladi da ƙafa ta zo tun daga bakin rafi. Ba ta jira a kira ba, ta kutsa har gaban tebur tana jan jikanta. "Rubuta, Malam. Ubansa Nomau yake ce mashi don tsoro. Ni na raɗa mashi Arzika, kuma ni ke aurensa."

Bayan la'asar aka sake cewa Tafinta ya bi su. Rubutu ya fara gudu. Malam Iro na karantawa da ƙarfi, wannan ya wuce, wannan ya wuce. 'Yan kaɗan suka maƙale, waɗanda ba a samu mai shaidarsu ba, aka ce su zo da kakanninsu wata kasuwar. Wasu kuma ba su da gona ko ta shuka barkono, waɗannan ba su ma tsaya jin sakamako ba. Malam Iro ya zaro mabuɗi daga aljihu, ya ce bismillahi, ya buɗe sito.

Ina tsaye gefe ina kallon ana fito da garmuna, sababbi, jan fenti na ƙyalli. Arzika ya saɓa tasa a kafaɗa shi kaɗai. Ubansa ya taso daga gindin tsamiya, ya shafa bakin garmar, ya dubi gabas, bai dubi ɗan ba, ya ce wa iska, "A yi sauri dai, kada a kwana hanya." Na gane shi sarai.

Babba na can ƙofar ɗaki mutane sun kewaye shi, wannan ya miƙa hannu, wancan ya sa albarka. Kaka Ladi ta zo ta tsaya kusa da ni, ta tokare da sandarta, ta nuna shi da haɓa. Ta san amsa, neman magana ne kawai.

"Malam, wai wanga yaro na wa ne?"

Na ce, "Ɗan mutane ne."

Ta ce, "To in ka koma, ka gaya ma mutanen sun haihu."

Na ce, "Za su ji."

Iyakar abin da na gani ke nan. Wanda ya ƙara wani abu a kai, nasa ne. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya shirya mana zuriya, amin.